Tiyon da na ɗaure da robar guga

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Illiya direba daga Mayahi. Direbobi 'yan'uwana, ku saurara da kyau.

Tiyon ruwan injin motata ya tsage. Maimakon in canza shi, sai na yanki robar guga na ɗaure. Ranar Talata na ɗauko mutum goma daga Issawane, za su karɓar hatsin agajin da sojoji ke rabawa. Rana tsaka, a tsakiyar daji, ɗaurin ya ɓalle, ruwa ya tsiyaye ƙaf. Rijiyoyin hanya duk sun ƙafe.

Na sake ɗaurewa, na roƙi ruwan shan fasinjoji. Wata tsohuwa ta rungume gorarta, jikanyarta na kuka. Ta ce, "Direba, motarka ce mai rai ko yarinyar nan?" Can ta miƙo mini gorar, da ita muka isa.

Don Allah, kowace safiya kafin ku tada mota, ku matsa tiyon da hannu. In ya tsattsage, ku yar da shi!

A gaishe mini da Innar nan. A ce mata na sa sabon tiyo, motata ba za ta ƙara shan ruwan jikanyarta ba.