Dalilin da Ya Sa Jeremiah Bai Tsaya Ba

Shugaban wannan zama, Dakta Ubaidullah. Limaminmu Malam Usama. Fasto Nyam, wanda ya taso tun daga Manchester cikin wannan ruwan sama. Uwarmu Mama Kaneng, shugabar mata. Ɗalibai da ma'aikata, iyaye da 'ya'ya, jama'ar Birmingham masu masauki da jama'ar Manchester baƙinmu, assalamu alaikum, salama a gare ku baki ɗaya.

Sunana Ramlat Abdulsalami, ni kuka ɗora wa kula da walwalar 'yan ƙungiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama kafin a buɗe kuloli, domin na san da zarar ƙamshin shinkafa ya tashi ba mai sauraron Ramlat. Ina godiya ga matan unguwar Balsall Heath da suka yi mana girkin. Sai dai ku gafarce ni, ban zo da magana mai daɗi ba.

Ku dubi layin kujerun can na hagu, babu kowa a kai. Kujerun dattawanmu ne na unguwar Old Trafford a Manchester, waɗanda gwiwa ba ta barinsu hawa jirgin ƙasa. Ba su zo ba saboda mai kawo su bai zo ba, shi kuma bai zo ba saboda motarsa tana ajiye a gareji, injinta ya ƙone. Ina nufin ɗan'uwanmu Jeremiah Kambai. A kansa zan yi magana uku.

Magana ta farko, abin da ya faru. Jeremiah aikin care yake yi, yana bin tsofaffi gida-gida, ya yi musu wanka, ya ba su magani. Aikin ba ya yiwuwa sai da mota, zamansa a ƙasar nan kuma ba ya yiwuwa sai da aikin, domin visa ɗinsa da ta iyalinsa a jikin aikin suke rataye. Da ya sayi motar nan ta hannu, bai yi sakaci ba. Ya sayi extended warranty, wato alkawarin da kamfani ke yi cewa idan inji ya lalace, gyaran yana wuyansu. Motar kuwa kun san ta. Ta kai mu suna, ta kai mu coci, ta kai mu jana'iza, ta ɗauko ɗalibai daga airport da buhunan kuka da kuɓewa, ba a taɓa jin ya tambayi addinin wanda zai shiga ba.

Watan jiya, da la'asar, yana komawa Manchester daga wani suna da aka yi a nan, motar cike da mata da yara. A kan babbar hanyar M6, daidai inda ake gyaran hanya, jar fitilar gargaɗin inji ta kama a gabansa cikin motar. Bai tsaya ba. Ya rage gudu, ya lallaɓa ta har services na gaba, wato zangon da matafiya ke hutawa su sha mai, ya sauke kowa lafiya, motar kuma ba ta sake tashi ba. Da kamfanin ya kira shi, suka tambaye shi ko ya ga fitilar, ya ce ya gani. Suka ce ya ci gaba da tuƙi, ya ce ya ci gaba. Shi ke nan fa. Suka ce shi ya kashe injin da hannunsa, ba za su gyara ba.

Magana ta biyu, abin da kamfanin bai tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba. Matarsa Bethany ce ta faɗa mini, ta kuma yarda in faɗa muku. Jeremiah yana da ƙane, Shalom, direban motar haya a Kaduna. Wata rana motarsa ta fara ɗaukar zafi a cikin daji, ya tsaya ya zuba ruwa, kamar yadda ya kamata direban kirki ya yi. Aka fito daga daji aka tafi da shi da fasinjojinsa. An sako wasu. Shalom har yau ba labari.

Na tambayi Jeremiah me ya hana shi gaya wa kamfanin. Ya ce mini, "Anti Ramlat, ta yaya zan gaya wa yarinya a customer service wannan magana? Na san nan England ce. Kaina ya sani. Amma da fitilar ta kama, na ji kukan yaro a baya, ƙafata ta ƙi taka birki."

Jama'a, wa ke cikinmu da bai san wannan ƙafar ba? Mun zo ƙasar nan da digiri, mun zo da akwatuna, mun kuma zo da abin da hanyoyin gida suka koya mana: ba a tsayawa a hanya da mata a mota. Abin da ke ceton rai a can, shi aka rubuta masa a matsayin laifi a nan. Wallahi abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi mini.

Magana ta uku, inda muke yanzu. Mun ɗaukaka ƙara wurin kamfanin, sun sake ƙi. Saura ombudsman, hukumar da ke shiga tsakanin mai saye da kamfani ba tare da an biya ta ba. Ba tausayi za mu je nema a can ba, hujja gare mu. Inda fitilar ta kama babu gefen tsayawa, an toshe shi saboda aikin hanya, manyan motoci suna wucewa ta dama, services kuma yana kusa. Ko direban da aka haifa a Ladywood, nan cikin Birmingham, ba zai sauke yara a wurin ba. Amma maganar Jeremiah kaɗai ba ta isa ba. Ana buƙatar waɗanda ke cikin motar su faɗi abin da suka gani, su sa sunansu.

A nan ne zuciyata ta karye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce sai ta tambayi maigida. Wata ta daina ɗaukar wayata. Wata ta ce mini, "Anti, kin san halin da muke ciki, ina da renewal na visa a gaba, duk abin da ya shafi sa hannu a ƙasar nan tsoronsa nake ji. Amma muna yi masa addu'a." Ba na raina addu'a, ba na raina tsoro, ni ma baƙuwa ce a nan. Amma na je law centre, inda lauyoyi ke ba da shawara kyauta, na tambaya da bakina, sun tabbatar mini shaidar lalacewar mota ba ta da haɗi da takardun zaman kowa. Kuma ba zan kira suna ba, ko da yake an gaya mini cewa da fitilar ta kama, daga kujerar baya aka fara cewa, "Don Allah Baba Jeremiah, kada ka tsaya a nan."

Wurin aikinsa sun yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata. Yanzu haka da nake magana yana cikin bas, daga wannan tsoho zuwa wancan, yana makara, ana rubutawa. Idan aikin ya tafi, visa ta tafi. Idan ta tafi, Jeremiah zai kwashi Bethany da 'ya'yansu ya mayar da su kan hanyar da ta cinye ƙanensa. Shi kam ya ce mu bari, ya yi haƙuri. Ni ban yi ba.

Bethany tana can baya kusa da ƙofa, ita kaɗai ta biyo coach, wato doguwar bas, ta zo. Ba ta zo roƙo ba. Wadda ta shiga motar nan a ranar, ta je ta same ta kafin ta ɗauki faranti. Mutumin nan ya ƙi barinku a kan hanya, har motarsa ta mutu a kan haka. Kada mu bar shi a kan hanya.

Allah ya saka wa masu masauki da alheri. Allah ya ba dattawanmu da ba su zo ba lafiya. Allah ya bayyana Shalom, da duk wanda aka ɗauke ba labari. Allah ya cire mana tsoron da ke hana mu tsaya wa juna. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, kada ya tsayar da motar kowa a hanya, in kuwa ta tsaya, Allah ya sa a samu wanda zai tsaya masa.

Na gode.