Takardar Barira a Cikin Kula

A rumfar mai kayan miya a unguwar Dutse Alhaji ta Abuja aka yi ta. Wata hajiya ma'aikaciyar gwamnati na zaɓar tumatir tana tsaki, ga wata baƙuwa a gefenta rungume da kular abinci.

"Hajiya, wannan ya ruɓe. Ɗauki na ƙasa."

"Ke kuma daga ina?"

"Barira ce, daga Maraɗi. Watana biyu a ƙasarku, aikin girki nike biɗa."

"A Abuja? Kina da takarda? Kina jin Turanci?"

"Ko ɗaya. Ɗakin da nike raɓe a Mpape ma ƙarshen wata za a tashe ni. Amma ga takardata."

Ta buɗe kula, ƙamshin dambun zogale ya cika rumfar. Hajiya ta ɗan taɓa don kada a ce ta raina, sai ga hannu ya koma har sau uku.

"Wa kike kai wa wannan?"

"Masu gadi, kullum gida uku. In mai gadi ya ƙoshi, shi zai gaya miki gidan da tukunya ta yi sanyi."

"Kai, ke ba ta wasa ba ce! Ni ma mai girkina..."

"Ta tafi ran Talata. Kwana huɗu Alhaji na cin burodi, kuma ba ya son yaji."

Hajiya ta saki baki. "Friday mai gadina! Zai gamu da ni!"

"Ki yi haƙuri, Hajiya, santi ne ya ɗebe shi."

Hajiya ta lashe yatsa, ta miƙa mata kwandon.

"To zaɓo mana tumatirin. Mota na can."