Ƙwan Fitilar da Baban Tasha Ya Cire

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Kwaleji, Magatakarda, Shugaban Sashen Koyar da Aikin Jarida da malamansa. Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Tasha, wanda mu 'yan ajinsa muka fi sani da Tsawa. Mama da ƙannenmu na gidan marigayi. Ɗalibai da ke tsaye can baya saboda kujeru sun ƙare kafin a zo kanku. Jama'a baki ɗaya, ya ƙarin haƙurinmu?

An shaida mini cewa ana watsa wannan taro kai tsaye a gidan rediyon Shugaban ƙungiyarmu, kyauta. To, ina gaida masu saurare. Zan dawo kan wannan alheri.

Ba kwamiti ne ya zaɓe ni ba. Mama, matar marigayi, ce ta ce ni take so in yi magana, shi kuma kwamiti ya roƙe ni in taƙaita. Zan yi ƙoƙari in faranta wa ɗaya daga cikinsu.

Malamin da muka taru dominsa yana da muƙamai a takarda, amma ba wanda ya taɓa kiransa da su. Baban Tasha muke ce masa, domin shi ya kafa gidan rediyon ɗalibai na wannan kwaleji, a ɗakin da ke ƙarshen barandar nan, ya manna tsofaffin barguna a bango don kada murya ta riƙa amsa kuwwa.

Ya kasance mutum mai wuyar burgewa. Ranar da na fara karanta labarai na lanƙwasa harshe, na ja aji, ina jin duniya ta tsaya tana saurare na. Sai ya danna maɓalli daga bayan gilashi, ya kira ni da laƙabina ya ce, "Ke Ƙanƙara, mai faci ne ke jin ki, ba alƙali ba. Yi masa magana." Har yau idan na zauna gaban makirufo, mai facin nan nake gani.

Ya kasance mai yawo. Da zarar ya zaunar da mu shiri ya kankama, sai ya ɗauki 'yar rediyonsa, wadda ya ɗaure murfin batirinta da roba, ya fice. Ya bi ta bayan ɗakunan kwana, ya ratsa igiyoyin shanya, ya fita ta ƙofar baya, har garejin da ke bakin titi inda muryarmu ke fara yankewa. Daga can yake kawo mana sakamako. Ba maki yake ba mu ba, cewa yake masu gareji na tambaya wace ce mai magana ta hanci.

Ya kasance mai doka ɗaya tak da ba ya sassauta wa kowa. A saman ƙofar situdiyo akwai jar fitila, kuma ba a kunna ta sai idan da gaske mutanen waje na jin mu. Sau ɗaya na ga an karya dokar. Wani ɗan ajinmu mai zazzaƙar murya ya kawo budurwarsa situdiyo, na'urar watsawa a kashe, ya kunna mata jar fitila ya ce ta gaida mahaifiyarta. Yarinya ta gaida mahaifiya, ta gaida ƙanne, har da maƙwabta. Baba ya shigo ya same su. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yarinyar za ta yafe maka. Fitilar da ka koya wa ƙarya fa?" Ya hana shi makirufo har ƙarshen zangon karatu. Ga Shugabanmu Tsawa can na dariya, ashe ya tuna.

Bayan Baba ya yi ritaya na'ura ta ƙone, lasisi ya mutu, ɗakin ya koma ma'ajin karyayyun kujeru. Mu kuma muka watse, kowa ya kama gabansa. Sai 'yan shekarun nan aka buɗe mana zauren hira a waya. Aka yi ta turo tsofaffin hotuna, lokacin duk muna da wuya da ƙugu. Ana cikin haka Tsawa ya turo saƙon murya ya ce abin kunya ne mu ci moriyar tashar nan mu bar 'yan baya ba su da inda za su koya. A farfaɗo da ita tun Baba na da rai. Muryarsa har rawa take. Kun san muryar. Duk muka amsa.

Fenti da makirufo ba su yi wuya ba. Abin da ya gagara shi ne dawo da mitarmu, lambar da ake kama mu a rediyo. Wa za a tura hukumar da ke ba da lasisi? Baba. Manyan can rabinsu ɗalibansa ne, in ya shiga ofis miƙewa suke yi. Haka dattijon nan ya yi ta hawa bene da sandarsa, gwiwa a kumbure, yana zaman benci, har aka ba da. Kwamitin farfaɗo da tashar ya ce don sauƙin aiki za a sa lasisin da sunan wani kamfani da zai riƙe mana amana. Muka yarda. Wa zai zargi mutumin da ya yi kuka a zaure?

Ranar buɗewa kusan duk muna nan. Aka yanke ƙyalle, jar fitila ta kama, yara suka fara shiri, muryoyinsu na fita ta lasifikar da aka maƙala a baranda, muna ta tafi. Ba wanda ya lura Baba ya sulale da 'yar rediyonsa, kamar yadda ya saba. Kwamiti ya tsara komai, wannan ne kawai ya manta.

A bayan ɗakunan kwana ya murɗa zuwa lambarmu. Tallar katifa ya ji, da muryar da shi ya horar. Ya ci gaba har gareji, ya wuce gareji. Ya gaya wa Mama cewa mitar ba ta taɓa fita tas irin na ranar ba. Sabon gidan rediyon Shugabanmu Tsawa ne a kanta, eriyarsa kuma a kan rufin wannan ginin da muke ciki. Wanda ya ba da izinin hawa rufin, Shugaban Kwaleji ya fi ni sani. Yaranmu kuwa iyakar muryarsu ƙarshen baranda.

Ni a wani gari nake aiki, inda mitar ba ta kaiwa, sai daga baya na ji. Na tambaya a zaure. Aka goge tambayar, aka ce gwaji ake yi. Wata ƙawata ta kira ni ta ce, ke kam ba kya canzawa, ba a nan ake irin wannan magana ba. Zaure cike da 'yan jarida, masu titsiye manya da tambaya a gaban kyamara, amma aka rasa mai cewa uffan.

Baba bai kai ƙara ba, bai kira kowa ba. Washegari ya zo situdiyo, ya jawo kujera, ya taka da gwiwar nan tasa, ya kwance ƙwan jar fitilar ya sa a aljihu. Sannan ya ce wa yara su zauna a ci gaba da darasi. Haka ya yi ta zuwa yana koya musu har ciwo ya kwantar da shi. Wata a cikinsu ta tambaye shi yaushe za a fara jin su. Ya ce, "Ku dai ku koya. Ranar da ƙwan ya koma, kada a same ku kuna lalube."

Ga ƙwan nan a hannuna. Mama ta same shi a aljihun rigar da ya tafi asibiti da ita.

Mama, kin yi haƙuri da mu. Mun ci abincin gidanki muna ɗalibai, mun cika miki falo da surutu, sannan muka aiki mijinki ya ɗebo wa wani ruwa da tsufansa. Ƙannenmu, ba mahaifinku aka yi wa wayo ba. Ya gane komai kafin a gama raba lemo. Mu ne muka ga dama muka ƙi ganewa.

Bayan wancan labule akwai allo mai sunan Baba, wanda za a kafa a ƙofar situdiyo da zarar na sauka. Iyali sun ce in isar da saƙonsu: a bar labulen yadda yake. Sunansa ba zai hau ƙofar da ba kowa a bayanta sai lasifikar baranda ba.

Yanzu alherin da na ce zan dawo kansa. Yau ce rana ta farko da muryar wannan kwaleji ta hau mitarta tun da aka dawo da ita, kuma sai da Baba ya rasu. Ranka ya daɗe Shugaban ƙungiya, tunda jama'a na jin mu, tambaya ɗaya ce: yaushe za ka mayar wa yaran can mitarsu? Ga makirufo, naka ne ma.

Ba sai ka taso ba. 'Yar rediyon Baba na kan cinyar Mama tun da aka fara taro. Mama, ƙara sautin mu ji ko har yanzu ana jin mu.

Tallar katifa ce.

To, mun samu amsa. Ban san a wace jimla aka yanke ni ba, saboda haka zan raba wannan jawabi a rubuce, kowa ya cike gurbinsa. Ƙwan kuma zai koma jakar Mama.

Na gode wa iyali da suka amince da ni. Na gode wa ɗalibai da suka tsaya da ƙafafunsu har ƙarshe. Ku ci gaba da zuwa darasi, ni ma zan riƙa zuwa.

Allah Ya jiƙan Baban Tasha, Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Mama da iyali haƙurin rashinsa. Ya sa yaran nan su ga ranar da ƙwan zai koma mazauninsa, mu kuma Ya ba mu kunya tun muna da sauran lokaci. Amin.