Basilio Alimako da Hanyar da Bai Nuna Ba

Mamo Ambrosio, da sauran mamo, malaman addininmu, da suka sauko daga ƙasar sanyi ta saman dutse saboda wannan rana, ina gaishe ku da girmamawa. Kwamisario mai riƙe da garinmu, da dattawan gari, ina gaisuwa. Iyayenmu mata, sannunku da zama. 'Yan'uwanmu na ƙauyen gindin dutse, da ƙannenmu, kamar yadda muke kiran duk wanda ba ɗan ƙabilarmu ba, da suka hawo daga birnin Santa Marta, sannunku da hanya. Petrona yayata, Leandro ɗanta kuma ɗana, ku na bari a ƙarshe, amma saboda ku na miƙe.

Ni ne Kasimiro, ƙanin matar marigayi. Yau shekara guda da muka mayar da Basilio Alimako cikin ƙasa, kuma Mamo ya ce ni zan yi magana da bakin gari.

Ya kasance mai ɗaurin kadarko. Duk gulbin da ke tsakaninmu da gonakin rake shi ya ɗora masa itace, babu ƙusa ko ɗaya, sai igiyar daji da ƙarfin yatsu. In ya gama, shi ke fara hayewa da buhun mazarƙwaila a baya, ya tsaya a tsakiya ya yi tsalle, mata suna zaginsa daga gaɓa. Ya kasance bai taɓa wuce namiji a hanya bai zuba masa ganyen ayu, wanda mazanmu ke taunawa suke kuma gaisawa da shi, a jaka ba, ko da jiya suka yi cacar baki. Ya kasance mai tsokana. Ranar da ya zo neman auren yayata ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan ne ƙanin? Ku haɗa mini da shi. Ina neman abin gwada sabon kadarko, wanda in ya faɗa ruwa ba a yi asara ba." Shekara ashirin da shida ina neman abin da zan rama da shi.

Kun san abin da ya sami ƙauyen gindin dutse. 'Yan tawayen daji suka ƙwace musu kaji da agade da bakin bindiga. Bayan kwana huɗu, sai ɗaya rundunar, 'yan bindigar da masu manyan gonaki ke ciyarwa, suka zo suka ce ƙauyen na ba abokan gabarsu abinci. Suka harbe maza biyar a gaban matansu, suka cinna wa bukkoki wuta. Mutum arba'in da uku suka iso nan da ƙafafu a farfashe. Basilio ne ya ja su ta tsohuwar hanyar duwatsu ta kakanninmu, wadda daji ya rufe, har can sama inda baƙo ba ya isa. Ya dawo ya kama aikinsa kamar saran rake ya je.

Da rana tsaka 'yan bindigar suka same mu, su kusan talatin. Suka tara maza a fili. Suka karɓe poporonmu ɗaya bayan ɗaya suka tattake da takalmi, goran garin da muke haɗawa da ganyen ayu, wanda tun ranar da muka zama maza bai bar hannunmu ba. Suka kama gashin dattawa suka yanke da adda. Shugabansu, wani gajere mai tabo a leɓe, ya ce, "Mutum arba'in ba sa tashi sama. Wa ya kai su?" Ba wanda ya ɗaga kai. Ya harbi alfadarin kwamisario a ciki, ya bar shi yana shure-shure, ya ce haka zai yi da mu ɗai-ɗai. Suka ja mutum uku zuwa gulbi, kowa shi kaɗai. Da suka dawo, wajen Basilio suka nufa.

Suka ɗaure shi a ginshiƙin kadarko. Mai tabon ya ce, "Kai tsoho, ina hanyar?"

Basilio ya ce, "Wadda kuka biyo tana nan, ba ta gudu ba."

Suka fasa masa baki da gindin bindiga. Suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan itace suka sare yatsa ɗaya. Suka sake tambaya. Suka sare na biyu. A na huɗu ya tofar da jini ya ce, "Ƙanena, kana wahalar da addarka. Ai ba da hannu na je ba."

Sai suka harbe shi a gwiwoyi biyu. Ya yi ihu, ba zan ɓoye ba, duk mun ji. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "To, yanzu ko na so ba zan iya kai ku ba."

Suka soke shi a ciki, suka ƙona babban ɗakin maza, suka haye, suka sa wa kadarkon wuta a bayansu. Mu 'yan ƙabilar Kogi ba ma ɗaukar makami, sun sani, shi ya sa ko waiwaye ba su yi ba. Ya yi kwana biyu kafin ya cika. Mutum arba'in da ukun kuwa ga su nan zaune, har da jaririyar da aka haifa a can sama.

Petrona, ke kika wanke abin da ya rage na hannun nan, ke kika riƙa ɗiga masa ruwa da auduga. Gari bai manta ba. Ki yi haƙuri da abin da za ki ji yanzu.

Leandro, kana gonar tudu a ranar. Tun da ka dawo kake tambayar wanda ya ba da sunan babanka. Ka daina gaida biyu daga cikin ukun da aka kai gulbi. Na san sau biyu kana sauka wajen 'yan tawaye neman bindiga, kuma kowa na jin ka kana wasa adda. Ka bar mutanen nan, ba su faɗi komai ba. Ni ne, kawunka. Sau shida suka danna kaina cikin ruwa na yi shiru. A na bakwai jini yana fita ta hancina, na ce Basilio.

Ku da kuka riƙe Leandro, ku sake shi. Kada wanda ya riƙe shi. Leandro, ka saurari sauran, daga nan ka yi abin da ka ga dama.

Babanka ya sani. Ranar da zai cika ya sa kowa ya fita, ya ce, "Suruki, sau nawa?" Na ce bakwai. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Ni a na uku zan ba da naka sunan, matsalar dai ko hanyar gidanku ba ka sani ba." Ina kuka yana neman yin dariya, cikin ya hana shi. Sannan ya ce, "Ka faɗa wa Leandro da bakinka, a gaban mutane. In ya ji a bakin wani zai kashe mutum. Jinina ya ishi dutsen nan, kada ɗana ya ƙara masa."

Shekara guda tsoro ya hana ni. Na kai wa Mamo laifina, ya ce ba shi aka ce in faɗa wa ba. To, na faɗa. Ba na roƙon ka yafe mini yau. Ɗakina ka san shi, ba ni da inda zan je. Saƙon babanka ne kawai na isar.

Na gode wa mamo da suka yi masa kwana tara suna share wa ruhinsa hanya. Na gode wa waɗanda suka haƙa, da waɗanda suka dafa, da ku da kuka zauna kuka ji ni har ƙarshe.

Uwar da ta haifi duwatsu da ruwaye ta karɓi ɗanta Basilio. Ta mayar masa da yatsunsa da gwiwoyinsa, ya hau zuwa ƙanƙarar ƙololuwar dutse, wajen kakanni, da ƙafarsa. Ta sanyaya zuciyar Petrona. Ta riƙe hannun Leandro. Ƙannenmu masu bindiga kuma, ta sa su gaji.