Jan Ƙyallen Da Ban Ɗaura Ba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Iyayena maza da mata, 'yan'uwana, salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Iliya. Yawancinku kun san ni, ni ne nake karanta nassi ranar Lahadi idan idon Baba Ayuba, mai bishararmu, ya matsa masa. Ga baƙinmu da suka zo daga Rano da Dawaki, ni manomi ne, gonata tana bakin burtalin da ya bi ta bayan ƙauyenmu Kahu. Abin da zan faɗa yau ba shi da daɗin ji. Wata bakwai ina hawa nan ina karanta muku Maganar Allah da shi danƙare a ƙirjina. Yau zan sauke shi.

Ni mutum ne mai zuciya. Masu dariya a baya can, na gan ku, kun san gaskiya ce. Ubana haka yake, kakana ma an ce haka yake. Tun ina ƙarami ake ce mini, “Jinin gidanku ne.” Ni kuwa maganar ta yi mini daɗi, domin duk abin da na ɓata sai in ɗora wa jini.

Ina da maƙwabci, Malam Buba, Bafulatani, rugarsa tana hayin rafi. Mun fi shekara ashirin tare. Da rani shanunsa suna kwana a gonata su bar mini taki, matarsa kuma tana kawo wa matata Saratu nono. Daminar da ta gabaci ta bara, shanu suka shiga mini wake yana tsakiyar 'ya'ya, suka yi masa aski. Na tarar da sawu ko'ina. Muka je gaban mai unguwa. Malam Buba ya ce ba nasa ba ne, na wasu masu wucewa ne. Mai unguwa ya ce in yi haƙuri. Na ce na haƙura.

Ƙarya na yi! Ban haƙura ba. Shekara guda ina gaishe shi da baki, zuciyata tana tafasa.

A cikin wannan shekara ne na riƙa buɗe Littafin Fitowa ina karanta labarin Fir'auna, inda aka ce Ubangiji ya taurare zuciyarsa. Sai in juya zuwa Littafin Romawa, wurin maginin tukwane da yumɓunsa, wanda yake gina wata tukunya domin daraja, wata kuma domin abin da ba daraja ba. Ba don in tuba nake karantawa ba, 'yan'uwa. Mafaka nake nema. Na ce wa kaina, ashe ni tukunyar fushi ce. Wanda ya gina ni shi ya gina ni haka. Idan zuciyata ta taurare, wa ya taurare ta? Ku dubi irin iyayin da Shaiɗan yake koya wa mai karatu!

To, ku manoma kun san al'adarmu a bakin burtali. Idan mutum ya yi wa gonarsa feshin maganin ƙwari, sai ya kafa sanda a gefen hanya ya ɗaura mata jan ƙyalle. Makiyayi ya hango ja, ya san ciyawar wurin da ruwan wurin mutuwa ne, sai ya kora dabbobinsa ta ɗaya gefen har kwana uku. Ba hukuma ce ta sa ba. Mu da su muka shirya haka, kuma ba a taɓa saɓawa ba.

Ranar wata Asabar a ƙarshen daminar bara, na sammaka na yi wa wake feshi da wani magani mai ƙarfi da na sayo a kasuwar Rano. Garken Malam Buba ya riga ya wuce kiwo. Da na gama, na wanke injin feshin a ɗan kududdufin da ke gefen gona, na juye ragowar a ciki. A nan shanunsa suke tsayawa su sha ruwa idan suna dawowa da la'asar.

Na sare sanda. Na kafa ta. Na sa hannu a aljihu na taɓa ƙyallen.

Sai na tsaya.

Wata murya a cikina, a hankali, kamar ta mai ba da shawara, ta ce, “Kai me ka yi? Gonarka ka yi wa feshi. Ba kai kake kora shanu ba. Idan Allah ya so su rayu, ya iya karkatar da su. Idan ya kawo su nan suka sha, nufinsa ne. Ka bar masa hukunci.”

Na zare hannuna daga aljihu babu komai. Na goya injina na kama hanyar gida. Har waƙar yabo na yi a hanya, ku ji abin kunya!

Da azahar Saratu ta ɗauki rigar gonata za ta jiƙa, ta lalubi aljihu kamar yadda ta saba. Ina zaune a gindin darbejiya sai na gan ta tsaye a kaina da ƙyallen a hannu.

Ta ce, “Baban Rifkatu, ba feshi ka yi yau ba?”

Na ce, “Shi na yi.”

“To wannan fa?”

Na ce, “Ki ajiye shi inda kika same shi.”

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Saratu ta san ni fiye da yadda na san kaina. Ta ce, “Mantawa ka yi, ko?” Hanya take ba ni. Ban bi ba. Na shiga yi mata wa'azi, ina kawo Fir'auna, ina kawo maginin tukwane, ina cewa ko ganye ba ya faɗuwa sai da izinin Allah.

Ta ce, “Ni ban yi karatunka ba. Amma Allah bai sa ƙyallen nan a aljihunka ba, kai ka sa. Kuma nonon da 'ya'yanka suka sha da safe, na shanun nan ne.” Ta jefa mini shi a cinya, ta shige ɗaki tana kuka.

Na fusata. Na ce bari in je wurin wanda ya san Littafi, ya gaya mata ina da gaskiya. Na cusa ƙyallen a aljihu na nufi gidan Baba Ayuba. A lokacin gabas ta fara haɗa hadari, baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif, ko kaza ba ta motsi.

Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, tambaya ce da ni. Tunda Allah ne ya taurare zuciyar Fir'auna, mene ne laifin Fir'auna?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ka koma ka karanta da kyau. Akwai inda aka ce Allah ya taurare ta, akwai kuma inda aka ce shi Fir'auna ya taurare abarsa. Duka biyun suna nan. Shekara arba'in ina wa'azi, ban gano inda hannun Allah ya tsaya na mutum ya fara ba. Ya fi ƙarfina.”

Na ce, “To ke nan mutum ba shi da zaɓi.”

Sai ya ajiye gyaɗar. Ya juyo da idanunsa marasa gani sosai, ya shaƙi iska. Ya ce, “Iliya, warin magani kake yi. Kuma wannan tambaya ba ta Fir'auna ba ce. Wa kake so Allah ya kashe maka?”

'Yan'uwa, ashe ya gano ni.

Ya ce, “Ka tuna Kayinu? Kafin ya taɓa ƙanensa, Allah da kansa ya zo ya yi masa magana. Ya nuna masa zunubi yana fako a bakin ƙofarsa, ya ce masa ya rinjaye shi. Da Kayinu ba shi da zaɓi, me zai sa Allah ya ɓata bakinsa? Ban san abin da ka ƙulla ba. Amma yau an yi maka magana, watakila ma ba ni ne na farko ba. Durƙusa.”

Na durƙusa a cikin ɓawon gyaɗa. Ya ce in yi addu'ar da Ubangiji ya koya mana. Na fara. Da na iso wurin roƙon a aikata nufinsa, harshena ya maƙale. Tun safe da wannan kalma nake fakewa. Na haƙa rami na rufe shi da sunan Allah, na koma gefe ina jira ya tura mini maƙwabcina ciki. So nake Mai Tsarki ya zama ɗan aikena! Na fashe da kuka. Na ce, “Ya Yesu, ba kai ba ne, ni ne! Ni na so! Ka karya wannan zuciya, ka cece ni daga kaina!”

Ban rufe baki ba aka yi tsawa. Sai na tuna abin da kowane ɗan ƙauye ya sani: idan hadari ya haɗu, makiyayi ba ya jiran la'asar.

Na tashi ko takalmi ban ɗauka ba. Na yi gudun da ban yi ba tun ina saurayi, ta cikin dawa, ganye yana yankar fuskata. Tun daga nesa nake jin muryar Malam Buba yana kiran shanunsa. Da na ɓullo burtali, ga garken nan ya cika hanya, na gaba sun karkata sun nufi kududdufin.

Na zaro ƙyallen ina kaɗawa ina ihu, “Magani! Malam Buba, magani! Kora su!”

Ya daka tsalle da sandarsa, ni ma na faɗa cikinsu ina duka ina ihu. Muka juya su da ƙyar. Amma wata farar saniya mai shayarwa ta riga ta kafa kai, ta sha ta ƙoshi.

Ba a jima ba ta fara rawar jiki, yawu yana dalala, kumfa ta cika mata baki. Malam Buba ya ɗura mata abin da yake da shi, yana shafa wuyanta yana kiran sunanta da Fillanci. Ruwa ya sauko a kanmu. Da ya ga ba za ta tashi ba ya zaro wuƙa zai yanka, na riƙe hannunsa na ce naman ba zai ciwu ba. Haka ta mutu a banza a bakin gonata, ɗan maraƙinta yana zagaya ta yana kuka.

Yanzu ku saurara, domin nan ne gwajin ya zo.

Malam Buba ya ga ina kuka. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Haba Malam Iliya, bar kuka. Kwananta ne ya ƙare. Mantuwa ce, kowa yana yi. Allah ya riga ya rubuta, ba mai gogewa. Da ba ka rugo ba, da rabin garken nan ya tafi. Na gode, Allah ya saka.”

Kun ji? Maganar da na yi ta maimaitawa tun safe ita ya miƙo mini. Shi da bangaskiya da kirki ya faɗe ta, don ya sanyaya mini zuciya. Ni kuwa da ita na kashe masa saniya. Abin da kawai ya rage mini shi ne in ce amin. Ba wanda ya gani. Da na koma gida a matsayin mutumin kirki wanda ya ceci garke. Muryar nan ta safe ta dawo, ta ce, “Ka ga? Allah ma ya rufa maka asiri. Yi shiru.”

A wannan karon na san muryar wace ce.

Na ce, “Malam Buba, ban manta ba. Ƙyallen yana aljihuna tun safe. Da gangan na ƙi ɗaurawa, saboda wakena na waccan shekara.”

Ya janye hannunsa daga kafaɗata a hankali. Bai zage ni ba, bai ɗaga sanda ba. Da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, “Shekara ashirin, Iliya.” Ya ɗauki maraƙin a kafaɗa ya bi bayan garkensa cikin ruwa.

Washegari na je gaban mai unguwa da ƙafata na faɗi komai. Na kai wa Malam Buba karsanar da nake kiwo. Ya karɓa ya kora ta cikin garkensa. Tun daga ranar, nono bai sake shigowa gidana ba. Ranin nan shanunsa a gonar wani suka kwana. Idan na gaishe shi yana amsawa, amma ba ya tsayawa. Ban ga laifinsa ba, kuma ban sani ba ko zai sake tsayawa. Ku taya ni addu'a a kan wannan.

Amma ina gode wa Allah! Ina gode masa domin bai bar ni ba. Ya aiko Saratu, na ƙi ji. Ya aiko Baba Ayuba. Ya aiko tsawa. Ya yi nasa har ya wuce, amma bai ɗaura mini ƙyallen ba, domin wannan nawa ne. Har yau ban iya warware muku maganar Fir'auna ba, kada wani ya tare ni da ita a ƙofar coci. Abin da na sani shi ne, da na ce ni tukunyar fushi ce, ƙarya nake yi wa Maginina. Da na yi kuka gare shi, ya ji ni. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu!

'Yan'uwa, ku dogara gare shi, yana da iko ya sauya zuciya ko ta gidanmu ce. Amma kada wanda ya fita daga nan ya ce Allah ne ya sa shi mugunta. Wani a cikinmu yana zaune yanzu da nasa ƙyallen a aljihu, ya san wanda zai cutu, yana cewa ya bar wa Allah. Ɗan'uwana, ni ma haka na ce. Na yi gudu iyakar ƙarfina, amma saniyar ta riga ta sha. Kai naka garken bai iso ba tukuna. Tashi ka je ka ɗaura.

Ubangiji ya yi mana jinƙai, cikin sunan Yesu. Amin.