Kwanon da Na Bar wa Yayana Shi Kaɗai

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku. Ni ne Bitrus, manomi daga wajen Kunci. Allah ya warkar da ni, amma shaidata akwai ɗaci a cikinta.

Ina da wa, Malam Sale, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi musulmi ne, ni mai bi. Tun muna yara kwano ɗaya muke sa hannu. Kullum da almuru in ya idar da salla, tuwon gidansa da na gidana su haɗu a ƙofar gida, ya yi bisimilla, in yi addu'ata, mu ci. Addini bai taɓa raba mu ba.

Bara da kaka kaba ta shaƙe mini hanji, aka yi mini aiki a asibiti. Ɗinki ya warke lafiya, amma ciki ya ƙi. Loma uku sai in kumbura kamar ganga, ga tashin zuciya, ga gyatsa, ga iska da ba ta neman izini. Sai in yi kwana huɗu ban zaga ba.

Wata rana muna cikin ci, iskar nan ta kunyata ni a gaban Yaya. Bai ko ɗaga kai ba, amma ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na daina fita. In ya aiko, sai in ce wa matata Saratu, "Ce masa na ƙoshi."

Ta ce, "Maigida, gaya masa gaskiya mana. Ɗan'uwanka ne fa."

Na ce ta rufe mini baki. Girman kai rawanin tsiya, kuma na naɗa shi da kyau. Ina ta haɗiyar ƙwayar kashe zogi daga kemis, ina korawa da jiƙo da kanwa, ina ramewa.

Wata uku Yaya yana fito da kwanonsa yana ci shi kaɗai. Masu baki suka ce masa a coci aka hana ni cin abincin musulmi. Ƙarya ce, amma shiruna ya gaskata ta. Sai ji na yi ya kwashe kayansa ya koma wurin ɗansa a Ungogo.

Ranar na durƙusa a bayan rumbu na ce, "Ya Yesu, cikina ya lalace, zuciyata ta fi shi lalacewa. Ka taimake ni." Na yi kuka irin na yara. Da na tashi, na ce wa Saratu ta raka ni asibiti.

Nas ta saurare ni, na faɗi duk abin da nake jin kunyar faɗa. Ta ce, "Baba, hanjin da aka taɓa yakan yi kasala, ƙwayar nan kuma ɗaure ciki take yi. Bar ta, bar jiƙon. Ka ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, ka fara da kunu, ka tauna sosai, ka sha ruwa, ka riƙa takawa. In amai ya ƙi tsayawa ko ciki ya yi tauri, maza ka dawo." Likita ya duba ni ya ba da magani. Cikin makonni Ubangiji ya buɗe mini ci.

Na hau mota na sami Yaya a Ungogo, na zayyana masa komai. Da ya gama ji, ya ce, "Haba Bitrus. Da ka gaya mini, ai da kunun muka riƙa sha tare."

Ya yafe mini. Amma ya riga ya ba da aron gonarsa, ƙafarsa kuma ta yi rauni, ba zai dawo ba.

Na gode wa Allah da ya ɗaga ni. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, kada kuma ku ɓoye ciwo ga likita ko ga naku. Yanzu ina iya cinye malmala biyu, amma ni kaɗai nake ci. Ku sa Yayana a addu'a. Amin.