Ƙasar Murhun Dada

Salamar Yesu Almasihu ta tabbata gare ku, iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta. Ni ce Maman Rahila ta Luggere. Ku yi haƙuri in muryata ta yi rawa, abin bai daɗe ba.

Mu ba 'yan Jimeta ba ne. Ƙauyenmu yana can arewa, a gindin dutse, kuma yau babu shi. Da rana tsaka 'yan bindiga suka shigo a kan babura, ina shanya kuɓewa a tsakar gida. Suka cinna wa rumbuna wuta, suka ce duk wanda suka sake gani a wurin, shi ya jawo wa kansa. Muka hau dutse, ni da goyo, maigidana da tsohuwarsa Dada a baya. Wasu suka faɗa Kamaru, wasu suna zaune a garin Bako yanzu, wasu har yau ko labarinsu babu.

Na iso Jimeta da raina, amma tsoro ya biyo ni har ɗaki. Da na ji ƙarar babur sai ƙafafuna su mutu, in zauna a inda nake, ko a tsakiyar titi ne. In mai keke ya nufi hanyar gadar da ake bi zuwa ƙauyenmu, sai in ce ya sauke ni. A asibiti suka ce hawan jini ne. Na sha magani, tsoron bai ji ba.

Bayan girbin bana Dada ta rasu. A wurinmu, in tsohuwa ta mutu a baƙon wuri, ba a rufe ta sai an zuba mata ƙasar murhunta a kabari, kuma surukar da ta gaji murhun ita ke ɗebowa da hannunta. Ni ce wannan surukar. Na san ƙasa ba ta kai mutum sama, Yesu ne hanya. Amma Dada ta roƙe ni tun tana da baki, na kuma amsa mata.

Maigida ya ce, “Maman Rahila, bar shi. Ni zan je, wa zai sani?”

Na ce, “Kai ka san inda murhun yake? Tun da na zo gidanku ba ka leƙa madafa sai ranar da ake suyar nama.”

Ya yi dariya. Gawa tana asibiti, dangi sun cika gida, kowa yana satar kallona.

Da safe na durƙusa a bayan ƙofa. Na ce, “Ubangiji, na gaji da roƙon ka cire mini tsoron nan. Bar shi in ka so. Ka riƙe mini ƙafafuna kawai.”

Muka shiga mota ni da maigida. Ido a rufe na haye gada. Da muka kai mararraba direba ya ce, “Madam, daga nan ba na shiga.” Muka taka da ƙafa.

Wayyo, 'yan'uwa! Ciyawa ta fi mutum tsawo. Babu kukan zakara, babu ƙarar turmi. Majami'armu bango ɗaya ya rage. Maigida, mutumin da aka haifa a gidan nan, ya wuce ƙofarsa bai gane ba. Ni na hango dutsen niƙan Dada a gindin gwaiba, daga nan na san inda murhu yake. Na durƙusa na tona, ƙasar ta fito baƙa, har yanzu da toka a ciki. Na fara zubawa a bakin zanina.

Sai na ji babur.

Yana tahowa ta cikin ciyawa, kai tsaye wurinmu. Maigida ya kama kafaɗata. Na ce a raina, shi ke nan, Rahila ta zama marainiya saboda ƙasa. Wani dattijo ya tsaya a gabanmu, da adda a ɗaure a gefen babur.

Ya ce, “Su wane ne ku? Me kuke tonowa?”

Maigida ya ja da baya. Ni kuwa, ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni a tsaye. A tsaye, a kan ƙafafun nan! Na ce, “Baba, surukata ce ta rasu. Ƙasar murhunta na zo ɗiba.”

Ya kashe babur. Ya daɗe yana kallon zanin.

“Nan gidanku ne?”

“Nan ne, Baba.”

Ya ce, “Mu ma koro mu aka yi, daga bayan dutsen can. Aka kawo mu nan aka ce mu yi noma. Tsohuwata a sansanin gudun hijira muka binne ta, ko ƙurar gida ba ta samu ba.” Sai ya waiga. “Ɗiyata, ɗaure ki hau. Kada la'asar ta same ku a nan. Ba kowa ne ke tambaya kamar ni ba.”

Na hau. Ina kiran sunan Yesu har bakin titi, shi kuma ya koma ya ɗauko maigida. Ko sunansa ba mu tambaya ba.

Ranar Asabar, kafin a rufe kabari, na kwance bakin zanina na zuba. Na ce, “Dada, ga gida na kawo miki.” Tsofaffin ƙauyenmu suka matso, kowa yana miƙa hannu ya taɓa abin da ya rage a zanin.

Ba zan yi ƙarya a ɗakin Ubangiji ba. Gabana yana faɗuwa har yanzu, kuma ƙauyenmu ba zai dawo ba, na gani da idona. Amma abin da na roƙa an ba ni. Haleluya! Ku taya ni gode masa, ku kuma sa dattijon nan a addu'a, domin shi a can yake kwana.

'Yar'uwa, in akwai inda tsoro ya hana ki zuwa, kada ki jira sai ya tafi. Ki faɗa wa Yesu, ki tashi da rawar jikinki. Shi zai riƙe ki. Amin.